Ranar da Masu Gudu Suka Durƙusa

Tsufa ya fara yi mini sata. Sai in ajiye hula in manta inda na ajiye ta, in kira jikana da sunan ubansa, in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma akwai wata safiya guda da ta fi ƙarfin ɓarawon nan, kuma na tabbata ba zan manta da ita ba har ranar da za a lulluɓe ni. Ita ce safiyar da gasar gudun daji ta tsaya cak a tsakiyar wani ƙauye, samari suka zube ƙasa da gajerun wanduna suna haki.

A lokacin ina kwalejin horar da malamai a yankin Bodinga. Kada ka ji an ce ɗalibai ka ɗauka yara ne mu. Da yawanmu sai da muka taɓa koyarwa a firamare kafin a turo mu ƙaro ilimi, wasu da gemunsu, wasu ma sun bar mata a gida. Cikin wasannin makaranta babu wanda ake girmamawa kamar gudun daji, wanda muke ce wa kuros. 'Yan ƙwallo suna da fili, suna da 'yan kallo. Mu kuwa da an sallame Asuba muke ficewa, mu bi ta gonakin gero, mu gangara fadama, mu haura tudu, babu mai tafa mana sai karnukan ƙauye. Yawancinmu ba takalmi. Tafin ƙafar wasu har ya kai in sun taka ƙaya ita ce ke karyewa. In mun dawo, koko ne da ɗan ƙuli, sai aji. Yau jikana yana da takalman gudu masu tsadar gaske, farare tas, amma in za shi sayen katin waya a bakin titi sai ya tsayar da ɗan kabu-kabu. In na ba shi labarin mutanen da na yi gudu da su, sai ya yi murmushin nan na wanda yake ganin kaka ya ƙara gishiri.

Ni dai ba gwani ba ne, kada in ci amanar tarihi. Wutar kara ce ni: in aka hura usur na fi kowa zafi, in aka yi nisa kuwa sai toka. Gwaninmu shi ne kyaftin, wani gajere mai faɗin ƙirji daga wajen Dingyaɗi, wanda ba ya magana sai ta kama. In yana gudu ba ka jin takunsa, ba ka jin numfashinsa, sai dai ka ga bayansa yana ƙanƙancewa a gabanka. Duk faɗin yankin mutum ɗaya ne yake iya ja da shi, wani dogo daga makarantar da ke wajen Shagari, wanda ya tashi yana bin shanun gidansu. Taku ɗaya nasa biyu ne na mutane. Sun sha karawa, yau wannan ya ci, gobe wancan, kuma ba abokai ba ne. In sun haɗu gaisuwar yatsu suke yi, kowa yana kallon ƙafafun ɗan'uwansa.

Shekarar da nake ba da labari, an ce wani jami'i zai zo daga Sakkwato ya zaɓi wanda zai wakilci jiha a Kaduna. Dogon nan shekararsa ta ƙarshe ke nan a makaranta, kuma kowa ya san ya ɗora ransa a kan tafiyar, don bai taɓa wuce birnin Sakkwato ba. Kyaftin ɗinmu kuwa abin da ya dame shi daban ne, kuma mu 'yan ɗakinsa kaɗai muka sani.

An yi masa baiko da wata yarinya a wani ƙauye kusa da Danchaɗi. Yana sonta, tana sonsa, har an fara maganar sa rana. Ubanta wani dattijo ne manomin albasa, mutumin kirki amma mai tsauri, irin waɗanda in suka ce a'a ko hakimi ba ya sake tayar da maganar. To, sai wani mai neman yarinyar da bai samu ba ya je ya raɗa wa tsohon cewa surukin da zai yi yana yawo a daji da ɗan kamfai, cinya a waje, kamar wanda aljanu suka taɓa. Tsoho bai yi hayaniya ba. Ya aika wa kawun kyaftin, wanda shi ne waliyyinsa, cewa shi bai yarda da jita-jita ba, amma ranar da yaron nan ya gifta ta gabansa a wannan shiga, a zo a kwashe kayan baiko.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga abin kamar wasa. A can kuwa suruki ba abin wasa ba ne. Ba ka ambatar sunansa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi. In ka hango shi a hanya, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi ka ratse gefe ka durƙusa, da babbar rigarka da hularka, har sai ya wuce. Wanda ya keta wannan, ba kansa kaɗai ya zubar wa mutunci ba, har da gidan da ya fito.

Mun ce wa kyaftin ya haƙura da gudun. Ya ce makaranta ta dogara da shi, kuma hanyar gasar ai ta yamma take bi, ta bakin fadama, ba ta kusa da ƙauyen ko kaɗan. Wannan ce ta ƙarshe, in ya gama ya rataye wandon har abada. Muka ga maganarsa da hujja, muka ƙyale shi.

Abin da ba mu sani ba, manoman fadama sun kai ƙara wajen shugaban makaranta cewa bara mun tattake musu dashen albasa, bana kuma ga shi sun riga sun dasa. Malamin wasanninmu wani baƙo ne daga Gana, mutum mai son aikinsa, mai yawan busa usur, wanda bai san wa ke neman 'yar wa ba. Shi kaɗai ya hau kekensa ana gobe gasa, ya sake hanya, ya kakkafa sanduna masu jajayen ƙyallaye. Da safe da muka jeru, mu da 'yan Shagari da na wasu makarantu, abin da ya ce kawai shi ne kowa ya bi jan ƙyalle, wanda ya kauce an cire shi.

Aka hura usur, muka zuba. Kaka ce, an gama yankan gero, gonaki sun yi fayau, ƙasa kuma da sauran laushinta. Kamar yadda na saba, na fita da zafina, har na yi ɗan lokaci ina ganin kaina a gaba ina jin daɗi. Ba a jima ba kyaftin ya wuce ni, ya ba da rata mai kyau. Can sai ga dogon, shi ma ya wuce ni yana bin sa. Na liƙe a bayansu iya ƙarfina, don na san wutata ta kusa mutuwa.

Da muka kai wata mararraba inda muka saba karkatawa yamma, sai na ga ƙyallen ya nuna gabas. Ban kawo komai a raina ba. Sai da na hango kan rumbuna da wani babban durumi, sannan na gane inda muka dosa. Na san durumin nan. Na taɓa rako kyaftin zance, a gindinsa muka tuɓe takalma.

Hanyar ta shiga wani siririn lungu, darni dama darni hagu, ba wurin ratsewa. Ƙarshen lungun ya buɗe a dandalin durumin, kuma jan ƙyalle na gaba yana can ƙetaren dandalin yana kaɗawa. A gindin itacen dattawa ne zaune bisa tabarmi, hantsi ya ɗaga, wasu suna tufkar igiya. Na iske kyaftin ya maƙale a bayan wani rumbu a bakin lungun, ya tsuguna, ya ja rigarsa ya rufe gwiwoyi. Dogon yana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, yana numfashi.

"Kai, lahiya? Ƙahwa ta?" in ji dogon.

Kyaftin ya girgiza kai. Ya yi ƙasa da murya. "Surukina na. Ga shi can, mai gwado bisa kahwaɗa. In yag gane ni hakanga, aurena ya mutu."

Dogon ya leƙa dandalin. Ni kuma fuskarsa nake kallo, kuma har gobe ina ganinta. Ga hanya a buɗe, babu kowa a gabansa. Mutumin da ya hana shi barci shekara da shekaru ga shi tsugune bayan rumbu. Jami'in Sakkwato yana can bakin makaranta da agogonsa. Ba wanda zai zarge shi in ya wuce, don ba shi ya sake hanya ba, ba shi ya nemi 'yar mutane ba. Na ga ƙafarsa ta ɗaga kamar za ta tafi da kanta, sannan ya mayar da ita ƙasa.

"Af," ya ce. "To ai wagga ba ta gudu ba ta."

Ya juya ya tare bakin lungun da dogayen hannayen nan nasa. Masu gudu suka riƙa isowa suna cin karo da juna, kowa yana tambayar abin da ya faru. Da aka faɗa musu, yawanci suka tsaya, don kowa ya san nauyin abin. Amma wani ɗan makarantarsu dogon ya fusata, ya ce, "Mu mi ar ruwanmu? Mu wuce mana, kohin gasa namu na!"

Dogon ya dube shi sama da ƙasa. "Wuce. Ga hanya nan. Amma ka tuna kai ma kana yin suruki wata rana, in an samu mai ba ka."

Aka fashe da dariya ƙasa-ƙasa, yaron ya sunkuyar da kai, bai wuce ba.

Sai shawara ta tashi, kowa da tasa. Komawa baya dai cirewa ce daga gasa, kuma lungun ya riga ya cika da mutane har baya. Wani ya ce a haura darni, aka tuna masa cewa bayan darnin gidan mutane ne, mata suna ciki. Ni na kawo tawa dabarar, wadda nake ganin ta fi ta kowa: mu dunƙule mu sa kyaftin a tsakiya, tunda gajere ne, mu keta dandalin a guje, kafin tsoho ya ɗaga kai mun ɓace. Har an fara cewa haka ne, sai kyaftin ya ɗago.

"Ba ni wuce shi tsaye," ya ce. "Ko shi bai gane ni ba, ai ni na gane shi."

Wallahi kunya ta kama ni, ta kama duk wanda ya goyi bayana. Dogon ya dube shi, irin kallon da bai taɓa yi masa ba. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, don shi yana cikin 'yan kaɗan masu takalmi, ya riƙe su a hannu.

"To mu tai mu gaishe shi gaba ɗaya. Dogaye gaba, gajeru baya. Kai kau ka shige can ƙarshe, kada in ji ko tarinka."

Haka muka fito daga lungun nan, ba da gudu ba, a hankali, kafaɗa da kafaɗa, zufa tana zuba. Muka isa ɗan nesa da tabarmin, muka zube gaba ɗaya. Kowa yana jan rigarsa yana rufe gwiwa, don mu ma fa ba mu saba tsayawa gaban iyaye a haka ba. A daji ɗan wandon nan ba ya damun kowa, amma a gaban masu furfura sai ka ji kamar babu komai a jikinka. Yara suka taru, mata suka riƙa leƙe ta saman darni. Waɗanda suka iso daga baya, ba su ma san dalili ba, da sun ga an durƙusa sai su ma su durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba. An kwan lahiya?" in ji dogon, yana haki.

Tsohon bai yi gaggawa ba. Ya ajiye igiyar da yake tufka, ya amsa sallama, sannan ya shiga gaisuwa kamar wanda ya sami baƙin da ya daɗe yana jira. Ya tambayi gajiyarmu. Ya tambayi karatu. Ya tambayi mutanen Bodinga, aka ce lafiya lau, ya tambayi mutanen Shagari, ya tambayi ko gero ya yi kyau a can bana. Mu kuwa jijiyoyi sun fara ɗaurewa, muna amsawa baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya. Duk wannan gaisuwa idonsa yana kan dogon da na sahun gaba. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi baya ba.

"To, ɗiyana, mi ak koro ku?"

"Ranka shi daɗe, ba a koro mu ba. Makaranta tas sa mu tsere."

"Tsere? To wanda ka tsere mi ka tsai da shi?"

"Mun ishe iyayenmu zaune, Baba. Ba mu iya wucewa tsaye."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Ikon Allah. Bara da kunka bi ta cikin albasata, ina nan tsaye cikin gonar, ba wanda yat tsaya."

Sauran dattawan suka kwashe da dariya. A nan na sha jinin jikina cewa tsohon nan ya san komai. Ya san dalilin da ya sa samarin da suka tattake masa albasa bara suka zama masu ladabi bana, ya kuma san wanda yake ɓoye a bayanmu. Na waiga a sace, na ga kyaftin ya kifa goshinsa kusan a ƙasa.

Sai tsohon ya kawar da fuskarsa gefe, yana kallon saiwar durumin. Ya zare gwadon da ke kafaɗarsa, ya jefo shi gabanmu.

"Akwai wani cikinku da ka jin sanyi. A miƙa mai."

Ana zufa kamar an yi mana wanka, wane sanyi? Amma ba wanda ya yi dariya. Dogon ya ɗauki gwadon da hannu biyu, ya miƙa baya, na bayansa ya miƙa baya, har ya bi ta hannuna ya isa inda aka aike shi. Kyaftin ya ɗaura shi a ƙugu yana tsugune. Fuskar tsohon kuwa ba ta nuna komai ba. Ba mu san ko rufin asiri ya yi masa ba, ko kuwa cewa yake yi, rufe tsiraicinka ka ɓace mini da gani.

Ana cikin haka sai ga malamin wasanni a kan keke, yana busa usur kamar zai tsaga shi. Ya ga 'yan gudunsa duka a ƙasa, ya yi tsalle ya sauka, ya saki keken ya faɗi. "Wa ya mutu? Wa ya mutu?" yake ta tambaya da 'yar Hausarsa. Da ya ga ba gawa, ya ga dattawa suna kallonsa, sai ya cire hular hana-sallarsa, ya rasa yadda zai yi, shi ma ya ɗan rusuna.

"Malam," in ji tsohon, "ɗiyanka na da tarbiyya. Kwashe su ku tai, rana na yi."

Muka tashi da ƙyar, muka ja da baya, muka bi ta gefen dandalin a hankali, kyaftin yana tsakiyarmu da gwado har idon sawu. Sai da muka fita bayan gari, inda ba a hango durumin, sannan dogon ya sake tare mu. Na ɗauka cewa zai yi a jeru a sake tashi tare. Sai ya nuna wata giginya can gaba.

"Sa'ad da kat tsaya, ka riga ni da kamar nan zuwa giginyar can. Tahi. Sai ka kai ta ni ka tashi. Saura kowa shi tuna wanda ag gabanai."

Kuma haka aka yi. Babu alƙali, don malamin yana can yana gyara sarƙar kekensa. Kowa ya nemi wanda yake gabansa kafin a tsaya, ya koma bayansa. Har ni aka ba ni matsayina na uku, wanda ban riƙe shi ko na tafiyar zango guda ba.

Mun ce wa kyaftin ya kwance gwadon ya ba wani ya riƙe masa. Ya ƙi. Ya ce abin da surukinsa ya rufe ba shi zai buɗe ba. Ya dai naɗe shi zuwa gwiwa ya soke, ya ruga. Gwado kuwa saƙi ne mai nauyi, ga zufa ta jiƙa shi, yana harɗe masa ƙafa. Ni ban ga ƙarshen tseren da idona ba, don lokacin wutar kara ta zama toka, ina can baya ina roƙon Allah ya kawo ni gida. Amma duk makaranta ta gani, kuma an yi shekaru ana ba da labari. Dogon ya kamo shi a kan tudun ƙarshe, suka jera, wannan ya wuce, wancan ya wuce, har bakin igiya. Dogon bai sassauta masa ko kaɗan ba, ya ci shi da ƙirji ɗaya. Daga baya kyaftin ya ce mana wannan ya fi komai yi masa daɗi, don da ya bar masa, da ya raina shi.

Jami'in Sakkwato kuwa ya dubi agogonsa, ya girgiza shi, ya kai kunne. Da ya tabbata agogon lafiyarsa lau, ya ce wannan lokaci ko tsofaffi masu zuwa kasuwa sa yi shi. Malamin wasanni ya yi bayani, shugaban makaranta ya sa baki. Mutumin ya ce ya ji, kuma abin ya burge shi, amma shi lokaci aka aiko shi ya kai, ba labari ba. Ya shiga motarsa ya tafi bai zaɓi kowa ba. Na ga dogon zaune a gindin wata bishiya, takalmansa a gefe, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ba wanda ya iya zuwa kusa da shi sai kyaftin, wanda ya je ya zauna a gefensa da gwadonsa.

Kwanakin da suka biyo baya kyaftin bai ci abincin kirki ba. Kullum jira yake a ce ga kayan baiko an dawo da su. Ya wanke gwadon da hannunsa, ya kai wa mai bugu ya buge shi, ya ninke. Ranar Juma'a kawunsa ya sa babbar riga, ya ɗauki gwadon da ƙwaryar goro, ya nufi ƙauyen kamar mai zuwa gaban alƙali. Mu kuma muka zauna da kyaftin a ƙofar ɗaki muna ta kallon hanya.

La'asar sakaliya kawun ya dawo, kuma tun daga nesa muka ga gwadon yana hannunsa. Kyaftin ya miƙe, ya sake zama. Kawun ya zo ya zauna, ya nemi ruwa ya sha, don shi ma tsoho ne mai son jan rai. Sannan ya ce dattijon ya karɓi goro, ya ƙi karɓar gwado, ya ce a mayar wa mai shi. Ga kuma saƙonsa, kamar yadda kawun ya maimaita mana:

"Ni na san yaro na iya ladabi don shina son ɗiyata, wannan ba abin mamaki ba na. Amma yaron da abokan gabatai ka durƙusawa cikin rana don su ruhe mai asiri, ina za ni samo irinai? A zo a sa rana."

Kyaftin, mutumin da ban taɓa ganin ko ƙaya ta sa shi ya yamutsa fuska ba, ya rufe ido da gwadon nan ya yi kuka kamar yaro. Mu ma ba mu tsira ba. An ɗaura aure bayan mun gama jarrabawa, kuma dogon ne ya zo tun daga Shagari a kan keken aro ya tsaya masa a matsayin babban aboki.

Shekaru sun tafi. Kyaftin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya bar 'ya'ya da jikoki da matar nan tasa. Dogon kuwa ban sake ganinsa ba sai 'yan shekarun nan, ranar wata kasuwa a Shagari, na je sayen rago. Na hango wani tsoho ya fi kowa tsawo, ya ɗan ranƙwafa, yana dogara sanda. Gwiwoyin nan da suka gagari samarin jiha guda sun gaji. Muka rungume juna, muka sami inuwa muka zauna. Bayan an gama tambayar wa ya mutu wa ya rage, na yi masa tambayar da ta daɗe a raina, ko ya taɓa yin da-na-sanin tsayawar nan.

Na ɗauka zai ce a'a, irin amsar da ake ba mutane. Sai ya juya ya dubi raguna.

"In ce maka ban ji zahi ba, na yi ƙarya," ya ce. "Har yau in nig ga ana nuna masu gudu ga talabijin, sai in tashi in hita waje. Na san da na tai, da an ji sunana. Kadunar ma ban gane ta ba sai da ciwo yak kai ni asibiti." Ya murza sandarsa a ƙasa. "Amma da za a maido ni bakin lungun ga, in ishe shi tsugune bayan rumbu, wallahi takalmina za ni tuɓewa."

Na dawo gida ban sayi ragon ba, don na manta abin da ya kai ni.

Na yi shekaru ina koyar da yara cewa alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma gaskiya ne. Amma mutanen nan sun koya mini abin da ban iya rubutawa a allo ba. Wani alherin mai yin sa ba ya samun komai a nan duniya sai asara, asarar da za ta bi shi tana yi masa ciwo har tsufa. Wanda ya san haka, ya ga hanya a buɗe babu mai zarginsa, sannan ya tsaya ya rufa wa abokin karawarsa asiri, shi nake kira gwani. Na yi gudu tare da irin waɗannan mutane, ko da yake a bayansu nake, kuma ina gode wa Allah da ya nuna mini su da idona.